Zumuncin Marubuta Mata: Saƙo Daga New Bell



Ni 'yar New Bell ce, a birnin Duwala na ƙasar Kamaru. A nan aka binne cibiyata, a nan na yi makarantar allo da ta boko, kuma bokon namu da Faransanci ake yin sa. Ban taɓa zama a aji an koya mini rubutun Hausa ba. Na koye shi ne daga wasu littattafai guda shida da yayar mahaifiyata ta zo da su daga Kano a cikin ƙullin atamfofi, aka yi ta yawo da su gida-gida har bangonsu ya fita, har shafin ƙarshe na ɗaya daga ciki ya ɓace, muka shekara muna gardama kan ko an yi auren ko ba a yi ba. Na faɗi wannan ne don a san daga inda nake magana. Abin da zan tattauna shi ne zumuncin da marubuta mata suka ƙulla a kafofin sada zumunta, da yadda suke tallata wa juna littattafai, da abin da wannan zumunci yake yi wa shi kansa rubutun.

Ga wadda ba ta san unguwarmu ba, New Bell ta samo asali ne daga lokacin da Jamusawa suka ƙwace filayen ƙabilar Duwala na bakin kogin Wuri, suka ware wa baƙaƙen fata wani wuri can baya. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda da ƙwacen, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Daga baya unguwar ta zama masaukin baƙi: Bamileke, Basa, Fulani, Yarabawa, da kakanninmu Hausawa da fatauci ya kawo bakin teku. Har yau akwai ɓangaren da ake kira New Bell Hausa. Hausa ce harshen tsakar gida da masallaci da ciniki a Kasuwar Kongo, amma duk abin da ya hau takarda Faransanci ne. Saboda haka mata da yawa a cikinmu sun iya Hausa kamar me, amma idan aka miƙa musu ita a rubuce sai su yi ta tuntuɓe da ƙ da ɗ da ɓ. Yawancinmu da kunne muke shan littafi.

Yabon gwani ya zama dole, don haka da shi zan fara. Abin da 'yan kasuwar littafi suka kasa yi mana a shekaru masu yawa, matan da ke rubutu a waya sun yi shi. A da sai wani ya je Kano, ko aƙalla Garwa ko Marwa, kafin mu sa rai da sabon littafi, shi ma in ya tuna. Yanzu shafin da wata baiwar Allah ta rubuta da babban yatsa a Funtuwa bayan ta kwantar da yara, da safe yana wayar mai sayar da turare a Kasuwar Kongo. Ya biyo ta WhatsApp, ko Facebook, ko Wattpad, ko ArewaBooks, ko kuma wani ya karanta shi da murya ya ɗora a YouTube. Babu kamfanin ɗab'i a tsakani, babu gwamnati, babu tallafin kowa. Mata ne suka miƙa wa juna hannu har littafin ya tsallake iyaka.

Duk wadda ta saba karanta irin waɗannan littattafai ta san fasalinsu. A saman kowane shafi akwai sunan littafi, da sunan marubuciya, da sunan ƙungiyarta da takenta, kamar Haske ko Kainuwa da ire-irensu. Sai sadaukarwa ga wata 'yar'uwa marubuciya. Sai gaisuwa ga guruf-guruf na masoya. Sai tallar littafin wata. Ita ma waccan a saman nata shafin za ta rama. Ta haka mai karatun wannan take zama mai karatun waccan. Wasu ma sun haɗa kai suna sayar da littattafansu a dunƙule, kamar yadda Zafafa Biyar suka yi, mutum ya biya kuɗi ɗaya ya karanta marubuta biyar. Wannan dabara ce ta kasuwa mai kyau, kuma ban ga laifinta ba.

Ba kuma yau aka fara ba. Waɗanda suka riski littattafan ƙungiyar Raina Kama a Kano, ta su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, za su tuna cewa a cikin littafin ɗan ƙungiya akan jera sunayen littattafan sauran 'yan ƙungiya. Talla ce ta junansu, a lokacin da manyan kamfanonin ɗab'i ba su kallon su. Daga baya mata suka kafa nasu, irin su Kallabi da Mace Mutum. Kuma akwai dalilin da ya sa suka riƙe juna gam. Tun daga shekarun 1990 ake jifan waɗannan littattafai da cewa suna ɓata tarbiyya. Malam Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, Malam Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu, aka yi ta fafatawa a jaridu. A 2007 har ƙona littattafai aka yi a Kano da sunan gyaran tarbiyya, sannan Hukumar Tace Finafinai ta nemi marubuta su yi rajista da ita. Wadda ta sha irin wannan jifa daga waje, ba abin mamaki ba ne idan ta ɗauki duk mai cewa "gyara nan" a matsayin maƙiyi.

To a nan maganata take. Zumuncin marubuta mata a waya, a yadda nake ganinsa, tsarin biki ne. Kowace Bahaushiya ta san yadda biki yake: na kai miki gudummawa ranar sunanki, kin rubuta a zuciya, ranar nawa ki rama, har ki ɗora. Wadda ba ta zuwa na mutane, ranar nata za ta ga tabarmi babu kowa. Haka abin yake a guruf. Na yaba shafinki, kin yaba nawa. Na tura littafinki guruf goma, kin tura nawa goma sha biyu. Wadda ta yi shiru an san da ita. Kuma a gidan biki ba a cewa miya ta yi gishiri. Ana ci, ana cewa Allah ya sanya alheri, sai an fito a yi gulma a hanya. Wannan tsari ya iya kai littafi nesa, ga shi ya kawo shi har Duwala. Abin da bai iya ba shi ne ya gaya wa marubuciya gaskiya game da abin da ta rubuta.

Ana ganin sakamakon a jikin littattafan. Zan ambaci abubuwa huɗu, ba tare da kiran sunan kowa ba, domin ciwon na gama-gari ne.

Na farko, jan labari. Labarin da zai ƙare a shafi talatin sai ya kai ɗari da ashirin, domin kullum masoya suna jiran sabon shafi, kuma ranar da aka ce "tammat" ranar guruf zai fara mutuwa. Sai a yi ta kwalliya: shafi guda cur ana kwatanta leshin da amarya ta sa da sarƙar da ta ɗora da turaren da ta fesa.

Na biyu, labari yana bin ihun masoya. Marubuciya ta gina hali na mugun miji tun daga farko, duk abin da ya faru yana nuna auren nan ba mai ɗorewa ba ne. Amma masoya sun ƙwallafa rai a kansa don an ce kyakkyawa ne mai kuɗi, suna ta roƙo kada a raba su. Sai ka ga a shafi biyu ya yi hatsarin mota, ya farfaɗo waliyyi. Hajiya Balaraba ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, kuma ƙarfin littafin yana wurin da ta bar alhakin mutum ya bi shi. Da a guruf ta rubuta shi, shafi-shafi, ina tsoron da an matsa mata ta sassauta.

Na uku, kama da juna. Idan littafi ɗaya ya samu karɓuwa da miskilin saurayi mai kamfani a Abuja da 'yar talakawa mai tsiwa, kafin wata uku an haifi irinsa ashirin. Waɗanda ya kamata su ce "Anti, wannan ai mun karanta shi a wurin wance" su ne 'yan ƙungiya, su kuwa bikinsu ne ya zo.

Na huɗu, rubutun kansa. Ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ana raba na haɗewa, ana cusa Turanci jimla guda ba dalili. Ku tuna mu nan ba Turancin Ingilishi muka yi a makaranta ba, haka 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai. Idan jarumi ya buɗe baki ya yi layi uku da Ingilishi a daidai wurin da labari ya ɗau zafi, mu an rufe mana ƙofa ke nan.

Yanzu bari in gaya muku inda nake jin sharhin da ba na gani a waya. Muna da adashi na matan layinmu, muna zama duk ranar Lahadi bayan la'asar. Idan an gama zubi an rubuta, akan ce in karanta musu littafin da muke bi, ko a kunna muryar mai karatu a ɗora wayar a cikin kwanon silba don sauti ya fito. A cikinmu akwai mai sayar da atamfa, da mai kitso, da mai abinci a bakin titi, da tsofaffi biyu. Babu wadda ta san marubuciyar. Babu wadda take bin ta bashin yabo, babu wadda ita take bi. Littafin yakan iso mana shi kaɗai, ba tare da zumuncin da ya rako shi ba, don haka ake yi masa kallon tsaf.

Wata Lahadi cikin watan Agusta, ruwan Duwala yana ta zuba kamar ba zai tsaya ba, ina karanta wurin da uwar miji ta kori surukarta da tsakar dare da jariri ɗan kwana goma. Sai Goggo, wadda ta haura saba'in, ta ɗaga hannu.

"Dakata, 'yar nan. Ina maƙwabta?"

Na ce, "Goggo, ba a ambace su ba."

Ta ce, "Ina dangin yarinyar? Mai jego ɗanyen jiki, ba wadda ta zo zaman wanka? Wace unguwar Hausawa ce wannan da za a jefa mai jego a titi ba wanda ya leƙo? Wannan yarinya da ta rubuta ba ta taɓa zama gidan haya ba."

Aka yi dariya, amma gaskiya ta faɗa. Marubuciyar tana son mu yi kuka, sai ta kwashe duk mutanen da za su hana abin faruwa ta ɓoye su. Da dare na duba gurufin da aka turo shafin. Saƙo ya fi ɗari a ƙarƙashinsa: Allah ya ƙara basira, Allah ya ƙara lafiyar ido da yatsu, wallahi na yi kuka, Allah ya isa tsakaninmu da Hajiya. Babu ko ɗaya da ya yi tambayar Goggo. Kuma tambayar Goggo ita ce za ta amfani marubuciyar a littafinta na gaba.

Akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. Wata ƙanwata a unguwa, yarinya mai kaifin basira, ta rubuta labari a kan wata budurwa 'yar New Bell da mahaifinta mai sayar da tsire yake so ya aurar da ita ga ɗan'uwansa a Ngaundere, ita kuwa tana son ta gama karatu. Akwai 'yan bensikin a ciki, wato 'yan acaɓarmu, akwai ambaliyar damina da ke shiga ɗakuna, akwai jirgin ƙasa na dare zuwa arewa. Ta shiga wata ƙungiyar marubuta, suka karɓe ta hannu bibbiyu, suka yi mata talla sosai, Allah ya saka musu. Kullum ana yaba mata. Sai da ta kai shafi na ashirin ta gane cewa masu yabon ba sa karantawa, domin ta kashe wata jaruma a shafi na sha biyar, a na sha tara wata tana tambayar yaushe za a yi bikinta. Gyara ɗaya tak aka taɓa yi mata: wata babba a ƙungiyar ta ba ta shawara ta mayar da labarin Kano ko Kaduna, wai masu karatu ba su san Duwala ba. Labarin yana da rauninsa na gaske. Tsakiyarsa ta yi sanyi, kuma mahaifin ya zama dodo ba mutum ba. Ba wadda ta gaya mata wannan. Abin da ya sa labarin ya zama nata, shi aka ce ta cire. Ta ajiye rubutu yanzu shekara guda ke nan.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan raina shi ba. Za a ce waɗannan mata da kuɗin datarsu suke rubutu, tsakanin girki da raino, wasu a ɓoye ma don miji ko iyaye ba sa so. Ɓarayi suna kwashe littafin kuɗi su watsa kyauta, wasu masu karatu a YouTube suna cin moriyarsa ba tare da izini ba. Yabon nan shi ne kaɗai ladan da da yawa suke samu, in an cire shi me ya rage? Na yarda, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ban ce a daina yabo ba. Amma yabon da kowa ke samu daidai wa daida, mai ƙoƙari da mai sakaci, ya daina gaya wa kowa komai. Marubuciyar da ta kwana uku tana gyara shafi ɗaya ita aka fi zalunta, domin addu'ar da aka yi mata ita aka yi wa wadda ta watsa nata ko sake dubawa ba ta yi ba.

Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata zalla, ta nuna abin da matan nan za su iya idan an canza sharuɗɗa. An ƙayyade yawan kalmomi, don haka babu wurin kwatanta leshi. Alƙalai ba sa bin kowa bashin biki. A shekarar farko Aisha Muhammad Sabitu ta yi nasara da Sansani, labarin da ya shafi waɗanda rikici ya raba da gidajensu. A 2022 Amira Souley daga Jamhuriyar Nijar ta zo ta ɗaya da Garar Biki. Ana karanta labaran a rediyo, mu ma nan muna ji. Da yawa daga masu shiga gasar daga cikin waɗannan guruf-guruf suka fito. Ashe basirar tana nan, mai tacewa ne babu. Sai dai gasa sau ɗaya take zuwa a shekara, ƙungiya kuwa kullum tana tare da marubuciya.

Shi ya sa nake ganin ƙungiyoyinmu su rage koyi da biki, su ƙara koyi da adashi. A Kamaru adashi babban al'amari ne, kusan kowace ƙabila tana yi, kuma abin da ke riƙe shi ƙa'ida ce. A namu akwai littafi, akwai uwar adashi, akwai tara ga wadda ta makara. Ranar da Hajiya mai atamfa ta zo babu cikon kuɗinta, ƙawarta ta ƙut-da-ƙut ce ta ce, "Hajiya, sai kin cika." Ba su ɓata ba, don kowa ta san dokar ba don ita kaɗai aka yi ba. Shekara goma sha ɗaya muna tare. Gyara yana zafi ne idan ya zo daga mutum ɗaya a rana ɗaya. Idan doka ce da ta hau kan kowa, har shugaba, zafinsa kaɗan ne.

Ga abin da nake roƙo. Kowace ƙungiya ta sa doka cewa kafin a yi wa littafi talla, mutum biyu su karanta aƙalla shafuka goma na farko, kowace ta kawo abu ɗaya da ya yi kyau da abu ɗaya da ke neman gyara, a keɓe, tsakaninsu da marubuciya. A riƙa juya wannan aiki kamar kwasar adashi, yau ke gobe wata. Kada wadda ba ta karanta littafi ba ta ce ya yi daɗi, ta ce dai 'yar ƙungiyarmu ce ta rubuta, ku gwada. Idan an gama littafi, a ware rana guda ta sharhi na gaskiya, kuma a buɗe ƙofa ga saƙon murya, domin irin su Goggo ba za su taɓa rubuta muku komai ba, amma in an ba su dama za su yi magana ta minti biyu da ta fi saƙo ɗari.

Sannan a tuna da mu wajen biyan kuɗi. Yawancin tallar littafin kuɗi lambar asusun bankin Nijeriya take ɗauke da ita, wani lokaci da lambar 'yan Nijar. Mu nan da sefa muke ciniki, ta Orange Money da MTN. Mace tana son ta biya, babu hanya, sai ta jira na sata. Ƙungiyar da ta samu amintacciya ɗaya a Duwala ko Yawunde ko Garwa ta riƙa karɓar mata kuɗi, za ta sha mamakin yawan masu saurarenta a nan.

Ita kuwa ƙanwata, makon jiya na je na same ta. Na ce ta kawo labarin nan ranar Lahadi ta karanta wa matan adashi da bakinta. Ta ce tana tsoron Goggo. Na ce ai Goggo ce dalilin zuwan. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko za ta iya gyara wurin mahaifin kafin ranar. Na ce ta gyara.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wadda maganata ta taɓa, ta yafe mini, don ƙauna na yi. Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya ba mu masu gaya mana gaskiya, ya ba mu zuciyar karɓa.

Wassalam, daga New Bell, Duwala.